Jijiyoyin Da Hoto Bai Nuna Ba

Kagoro,
8 ga Disamba, 2024

Zuwa ga 'yata Rahila,

Yaya jikin naki, yaya nauyi? Yaya maigidanki da Mama surukarki da dukan mutanen Wusasa? Mu nan muna lafiya, sai hunturu da ya sauko mana daga kan dutse da wuri bana.

Ƙanenki Bulus ya ce ya kira ki daga Abuja ya shaida miki an yi mini gwajin zuciya an ga jijiyoyina garau, har kin yi ta godiya ga Allah a waya. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ji, domin ya fita biyan kuɗi lokacin da likita ya ƙarasa bayani. Sauran rabin ne ya sa na zauna rubutu. Irin wannan magana waya ba ta ɗaukarta, ko kati ya ƙare ko sabis ya yanke, kuma ina so ki sami abin da za ki riƙe a hannu, ki karanta wa mijinki, ki nuna wa likitan da ke yi miki awo. Maganar ta fara ne daga jikina, amma a kanki za ta sauka.

Ina da ciwon zuciya, 'yata. Ba irin wanda aka fi sani ba ne, shi ya sa ya daɗe yana ɓuya.

Ga yadda gwajin yake. Sun zura wani siririn bututu ta jijiyar wuyan hannuna har bakin zuciya, suka tura ruwan rini, ina kwance ina kallon allo tare da su. Manyan jijiyoyi uku da ke ciyar da naman zuciya suka fito sarai, babu inda maiƙo ya toshe. Wannan ne Bulus ya gani. Sai dai wannan hoto ba ya kama jijiyar da faɗinta bai kai kusan rabin milimita ba. Daga nan zuwa ƙasa reshe ke fita daga reshe yana ƙara sirancewa, har a kai ga waɗanda suka fi gashin kai siranta kusan sau goma, inda jajayen ƙwayoyin jini ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. A can ne ake miƙa wa naman zuciya iska da abinci, kuma a can ciwona yake.

Ki ɗauki hanyar Kafanchan zuwa Kagoro. Ko an shimfiɗa mata sabuwar kwalta, motar taki ta shigo gari lafiya, in turbar da ke hawa gonar babanki ta cushe da ciyawa, ruwa kuma ya zaizaye ta, ko buhu ɗaya ba zai isa gindin citta ba. Wanda ya tsaya a bakin titi zai rantse hanya kalau take, gona kuwa tana can da yunwa.

Likitan yaro ne, bai fi sa'an mijinki ba, amma ya ba ni lokacinsa. Da ya ji na yi aikin ungozoma sai ya jawo takarda ya zana mini. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Ko mutum yana kwance, naman zuciya yana kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na iskar oksijin da jini ya kawo masa, alhali jiki gaba ɗaya kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake ɗiba. Ke nan zuciya ba ta da ajiyar da za ta ƙara tatsa. In na ɗauki bokitin ruwa ko na tasam ma tudun majami'a, hanya ɗaya ce ta rage mata, ƙananan jijiyoyin nan su buɗe jini ya ƙaru. A jikin mai lafiya yakan ninka sau 3, sau 4, har fiye. In ya kasa kaiwa ninki 2 ko 2 da rabi, likitoci sukan ce akwai cuta. Nawa ba sa buɗewa yadda ya kamata, wani lokaci ma sai su tsuke ba dalili. Nan ne nauyin nan ke zama mini a ƙirji, ya hau wuya da kafaɗa, numfashi ya gajarce, kuma ko na zauna ba ya saki da wuri. Wani abu kuma da ban taɓa auna muhimmancinsa ba: ita zuciya galibi tana shan jininta ne a ɗan tsakanin bugu da bugu, lokacin da ta saki. In tana sauri, lokacin cin abincinta ne ke raguwa. Shi ya sa ɗaya daga cikin magungunana aikinsa rage mata gudu.

Me ke umartar jijiya ta buɗe? Akwai wani tantani da ya shimfiɗe cikin kowace jijiyar jini, daga babba har ƙarama, kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya tak. An daɗe ana ɗaukarsa shimfiɗa ce kawai don jini ya zame. A 1980 wani masani a birnin New York, Robert Furchgott, yana gwaji da jijiyar zomo, ya lura cewa in an goge wannan tantani jijiyar ba ta ƙara saki ko an ɗiga mata maganin da ke sa ta saki. Daga baya aka gano tantanin yana fitar da wata iska, naitirik okusayid, ita ce ke gaya wa naman bangon jijiya ya sassauta. Aka ba Furchgott kyautar Nobel tare da Louis Ignarro da Ferid Murad a 1998, shekarar da na haife ki. Ki riƙe wannan shekara, zan komo kanta.

Abubuwan da ke ɓata wannan tantani ba baƙi ba ne a gidajenmu: hawan jini, ciwon suga, maiƙo a jini, ƙiba, taba, da hayaƙin murhu da muka shaƙa tun muna 'yan mata. Hawan jini shi ne babba a nan. Yana sa bangon ƙananan jijiyoyi ya yi kauri, ramin ya ƙuntata, wasu ma su rufe su ɓace, shi kuma naman zuciya ya ƙara kauri saboda tura jini da ƙarfi. Nama ya ƙaru, masu ciyar da shi sun ragu. Hoton zuciya na eko ya nuna nawa ya yi kauri, kuma da suka ɗora ni kan injin tafiya layin takardar zuciya ya canja daidai lokacin da ciwon ya taso. Waɗannan ne likitan ya haɗa da hoton manyan jijiyoyi ya gane inda cutar take. Akwai gwajin da ke auna gudun jinin kai tsaye da siririyar waya a cikin jijiya, amma ba kowane asibiti ke yinsa ba, ni ma ba a yi mini ba.

Kin san tun da jinin al'ada ya ɗauke mini nake fama. An ce olsa ce, na sha farin ruwan magani kwalba bayan kwalba. An ce taifot. A wani wuri wani ma'aikaci ya dubi takardata, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Mama, tunani ne, ki je ki huta." Wannan kalma ta fi ciwon zafi, domin na koma gida ina tuhumar kaina da raki, ni da na tsaya kan naƙudar mata dare da rana. Ashe ba a kaina farau ba. Tun 1973 wani likita Ba'amurke, Harvey Kemp, ya raɗa wa abin suna "ciwon X", saboda ana ganin masu ciwon ƙirji na gaske, jijiyoyinsu a buɗe, an rasa dalili. Galibinsu mata ne, kuma su ma an sha sallamarsu da cewa damuwa ce. Sai a 1996 aka fara wani babban bincike a Amurka, mai suna WISE, a kan mata kaɗai. Fiye da rabin matan da aka yi wa irin hoton da aka yi mini ba su da toshewa a manyan jijiyoyi, kuma da aka bi su shekaru aka tarar suna kamuwa da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya fiye da mata masu lafiya. A 2018 likitoci a Glasgow suka gwada a kan mutum 151, suka nuna cewa in an gano ainihin matsalar ƙananan jijiyoyin aka ba da maganin da ya dace da ita, ciwon yana raguwa, rayuwa ta yi sauƙi. A watan Agustan bana ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa a cikin ƙa'idojinta cewa a riƙa bincika waɗannan jijiyoyi ga mai ciwon ƙirjin da aka rasa dalilinsa.

Ba na cewa tunani ba ya cikin lamarin. Yana ciki, amma ta hanyar nama da jini yake shiga. Bayan harin da aka kai Agban a watan Maris na 2022, lokacin da muke kwana da takalma a ƙafa, ciwon ya fi kowane lokaci tsanani. Tsoro yana sa zuciya gudu, yana matse jijiya, yana ɗaga jini, kuma dare bayan dare babu barci. A Zumuntar Mata ina ganin tsarana suna dafe ƙirji a tsakiyar waƙa su zauna, in ka tambaya su ce gajiya ce, ko su ce tun abin da ya faru ne. Da yawansu ba a taɓa ɗaura musu abin awon jini ba tun haihuwarsu ta ƙarshe. Yanzu nakan tafi da nawa ranar taro, bayan addu'a mu zauna a benci in auna duk mai so. Abin da nake gani yana sa ni kuka a zuci. Mace tana dariya, ta kawo acca daga gona da ƙafa, jininta 180. A ganina babu wanda ya kamata a ce masa "tunani ne" kafin a auna jininsa, a duba sugansa, a saurari zuciyarsa.

Yanzu in komo kan 1998. Da cikinki ya kai wata bakwai fuskata ta kumbura, zoben aure ya ƙi fita, kaina ya riƙa sarawa, ina ganin walƙiya a idona. Jinina ya hau, fitsarina ya nuna furotin. Wannan shi ne hawan jinin masu ciki da ke kai mace ga jijjiga. Allah ya taimake mu, aka ciro ki kafin lokaci, 'yar mitsitsiya, kika rayu. Bayan sati shida jini ya sauka, kowa ya ce an wuce wurin, ni ma haka na koya kuma haka na riƙa gaya wa mata: da zarar mabiyiya ta fita, ciwo ya tafi. Ilimin yanzu ya wuce nan. Wannan cuta daga farkonta cutar ƙananan jijiyoyi ce. Jijiyoyin mahaifa da ya kamata su faɗaɗa su shayar da mabiyiya ba sa faɗaɗa sosai, ita kuma mabiyiyar da ke cikin ƙunci sai ta saki wasu sinadarai cikin jinin uwa da ke ƙona wancan tantani a duk jiki, a ƙoda, a hanta, a ƙwaƙwalwa, a zuciya. Macen da ta yi shi, haɗarin ciwon zuciya a gaba yana kusan ninkawa biyu, na hawan jini kuwa ya fi haka. Jikina ya yi mini gargaɗi tun ina goyonki, a lokacin babu mai karanta gargaɗin.

Kada ki kuskura ki ɗauka ke kika jawo mini. Rauni ne da yake jikina tun asali, ciki ya tona shi ne kawai. Da za a mayar da ni baya a ce in zaɓa, ke zan zaɓa ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan hali yana bin jini. 'Yar da uwarta ta yi shi ta fi sauran mata kusa da shi, kuma cikin fari shi ma dalili ne. Ke kin haɗa biyun. Kin shiga wata na huɗu, jinin jikinki ya riga ya fara ƙaruwa, kafin ki haihu zai ƙaru da kusan rabi, kuma kowace ƙaramar jijiya za ta ɗauki rabonta na wannan kaya. Don haka a awonki na gaba, kada ki bari watan nan ya wuce, ki buɗe baki ki ce wa likita: mahaifiyata ta yi hawan jinin ciki a kaina. Ki tambaye shi ko ya dace ki fara ƙaramin asfirin da ake ba masu irin haɗarinki, domin ya fi amfani in an fara da wuri, ki kuma tambaye shi ƙwayar kalsiyam. Shi zai rubuta, ba mai kemis ba, ba ni ba. Kowane zuwa a auna jini a duba fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, ke kuwa ko an ƙara miki kada ki ji nauyi. Daga mako na 20, in awo ya kai 140/90, ko kanki ya sara ya ƙi jin magani, ko ganinki ya dushe, ko kika ji zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko fuska da hannu suka kumbura, ba a jiran gari ya waye. Asibitin Shika ba shi da nisa da ku. Ki sa mijinki ya ajiye mai a mota, ko lambar wanda zai ɗauke ku da tsakar dare.

Sai maganar jego, wadda nake so in faɗa da ladabi domin ta shafi gidan da ya karɓe ki hannu bibbiyu. Zariya, inda kike aure, sananniya ce a littattafan likitocin zuciya na duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun rubuta yadda zuciyar mata ke gazawa bayan haihuwa a can, kusan mace 1 cikin 100, abin da ba a saba gani ba a wasu ƙasashe. Suka zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya bai sami waɗannan al'adu da laifin haddasa cutar ba. Abin da ya fito fili shi ne talauci, rama, rashin karatu, da hawan jinin ciki. Masana da dama yanzu suna ganin ita ma wannan cuta daga ƙananan jijiyoyin zuciya take farawa, a ƙarshen ciki da farkon shayarwa. Saboda haka ba na so ki raina kulawar Mama, da ƙauna za ta yi miki. Amma kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana riƙe ruwa yana ɗaga jini. In jininki ya taɓa hawa ko sau ɗaya, a yi miki kunu ba kanwa, ruwan wanka ya zama mai ɗumi ba mai ƙuna ba. Kada ki ɗauki wannan magana a bakinki, ni zan kira ta mu yi ta uwa da uwa. Kuma har wata biyar bayan haihuwa, in kika ga ba kya iya kwanciya sai kin tara matasai, tari na tashe ki da dare, ƙafa ta kumbura, kada kowa ya ce miki gajiyar jego ce. A kai ki a yi hoton zuciya.

Ni kuwa kada ki sa damuwata a ranki. Ciwon da aka san sunansa ya fi sauƙin zama da shi. Ina shan maganin hawan jini iri biyu, da na rage maiƙo, da wancan na rage gudun zuciya. An ba ni na sawa a ƙarƙashin harshe, wani lokaci ya taimaka wani lokaci bai yi ba, likita ya ce haka yake ga masu irin nawa domin ya fi aiki a manyan jijiyoyi. In kin zo gida kada ki taɓa ko ɗaya daga cikinsu ko da kanki na ciwo, akwai wanda ke lalata ƙodar jariri a ciki. Na daina shan magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak, suna ɗaga jini. Gishirin yini bai kamata ya wuce giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Na koma daddawa da citta da tafarnuwa, babanki ya yi ƙorafi da farko, yanzu shi ke hana a ƙara. An ce in yi tafiya minti 30 yawancin ranakun mako, domin gudun jini da kansa yana sa tantanin nan ya ƙara fitar da iskar da ke buɗe jijiya. Nakan fita bayan rana ta ɗaga, tunda sanyin asuba na tsuke mini ƙirji, in bi ta gefen makarantar tauhidi ta ECWA in dawo a hankali. Kuɗin magani ya yi tsada, kuma tun da cuta ta cinye citta a 2023 aljihun babanki bai komo daidai ba, amma mun yanke cewa magani na gaba da komai, ba za a sha yau a tsallake gobe ba.

Bana ba zan bi masu hawa dutse ba, zan kalli bikin Afan daga inuwa. Ke ma ban yarda ki biyo hanyar nan da ciki a cunkoson ƙarshen shekara don biki ba, Afan na nan kowace 1 ga Janairu, baɗi sai ki zo da goyo. Na ba Bulus kuɗi ya sayo miki abin awon jini na ɗaurawa a damtse, ba na wuyan hannu ba, zai aiko ta motar Zariya. Ki zauna ki huta minti biyar kafin ki auna, bayanki a jingine, hannu a kan tebur, ki rubuta a littafi da kwanan wata. Kowace Lahadi bayan sujada ki karanta mini lambobin a waya. Na haɗa miki da acca mudu huɗu da daddawar da na yi da hannuna.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce na gode da yadda yake riƙe ki. Ki gaishe da Mama, ki ce zan kira ta cikin satin nan. Babanki na gaishe ki, ya ce a gaya miki ya keɓe akuyar suna. Ubangiji ya sauke ki lafiya.

Ni ce mahaifiyarki,
Mama